Tasha a Ƙofar Gidan Kaka

Zuwa ga Mai Gidana, Injiniyan da ya manta da tsohuwar matarsa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kuma kana cin abinci, don hoton da ka aiko wa kawunka na ga wuyanka kamar na zakaran da aka fige. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwar dama da ta ƙi ni. Kunne kuwa ka san halinsa, shi ya sa na hana a riƙa miƙo mini waya, muryarka nake ji kamar sauro a cikin tulu. Gara takarda. Ko ba komai karatun da na yi a ajin manya bai tashi a banza ba.

Ranar Talata na je asibiti awon jini. Na fita ƙarfe shida, ban isa ba sai goma saura. Daga ƙofar gida zuwa babban titi inda motocin haya ke tsayawa sai da na huta sau uku: a kan kwalbati, a bencin Mai Shago, sannan a jikin katangar makaranta. Mota uku suka wuce ni a cike maƙil. Direban ta huɗu ne ya ji tausayina, aka cusa ni tsakanin wata mata da buhun gawayinta. A kan gada muka yi awa guda cur ba gaba ba baya, har na haddace tallan katifar da ke jikin allo. Da na isa likita ya ce jinina ya hau. Na ce masa ai da shi muka hau motar.

Ba za ka gane unguwar nan ba yanzu. Gonakin bayanmu inda kake satar mangwaro duk sun zama gidaje. Kowa ya sayi fuloti ya gina har kan hanya, ba wanda ya bar wa ɗan'uwansa wurin juya mota. Mutanen birni sun gudo nan don haya ta yi musu tsada, da safe kuma su kwasa gaba ɗaya su koma birnin aiki, a kan titi ɗaya tal.

To, kawunka ya ce ofishinku ne aka ba aikin tsara mana sababbin bas-bas, manya masu hanyarsu daban. Ya ce har da hannunka a zanen. Ni ban taɓa roƙonka komai ba tun da ka fara ɗaukar albashi, zane ɗaya ba ka ɗinka mini ba, na yafe. Abu ɗaya nake so: ka sa bas ya riƙa tsayawa a kwanar gidana. 'Yar rumfa da benci, shi ke nan. In ka kasa wannan, ka aiko mini da takardar saki, Mai Shago ya daɗe yana yi mini ragi.

Kakarka.

*

Zuwa ga Kaka,

Wa'alaikumus salam. Na samu takardarki, na karanta wa abokan aikina wurin da kika yi maganar likita, sun ce a gaishe ki. Allah Ya ƙara sauƙin gwiwa. Ki riƙa shan maganin kullum, ba sai ranar da za ki asibiti ba. Ni lafiyata ƙalau, wuyan ma gado na yi, ki duba madubi.

Maganar tasha kuwa, Kaka, ba ni nake yankewa ba. Ni ƙarami ne a ofis, abin da aka ba ni nake zanawa. Yadda ake yi shi ne, ana tura ma'aikata su tsaya a kowace kwanar hanya tsawon kwana uku, daga safe zuwa yamma, suna ƙirga mutanen da ke jiran mota da masu sauka. Inda aka fi samun jama'a, nan za a fi ba muhimmanci. Naku ɓangaren za a yi shi Litinin zuwa Laraba ta farkon wata mai kamawa. Kwanarku tana cikin jerin, ni na tabbatar an sa ta.

Don Allah wannan ya tsaya tsakaninmu. Ba a sanar da ranar, don a ga yadda unguwa take a ranar da ba ta yi shiri ba. In aka ji daga bakina ta fita, aikina ne a kai. Na faɗa miki ne kawai don kada ki ga baƙi a ƙofar gida ki kore su da tsintsiya.

Za a tura ni kwas na wata biyu bayan wannan makon, in kin ji shiru ba saki ba ne. Ki gaya wa Mai Shago ya kama kansa.

Jikanki.

*

Mai Gidana,

Sallama da gaisuwa. Gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya, amma ta kumbura a kan aikin kirki. Zauna ka ji yadda matarka ta yi maka yaƙi.

Ban faɗa wa kowa ba, yadda ka ce. Mai Ɗinki kaɗai na faɗa wa, ita kuwa ba kowa ba ce, shekara talatin da ɗaya katangarmu ɗaya. Ka san kwanarmu ba ta tara mutane, kowa babban titi yake fita. Na lissafa, in aka bar abin yadda yake, ni da akuyar Mai Shago kaɗai za a ƙirga. Kai kuma ka rubuta da hannunka cewa inda aka fi jama'a nan za a fi kulawa. Na ce to, jama'a ai ba ta gagare mu ba.

Ranar Litinin da sassafe suka zo, su biyu: wani mai tabarau da wata mata mai lema, kowanne da 'yar na'ura a hannu, in mutum ya tsaya sai ka ji ƙas. Kafin su gyara tsayuwa matan layinmu da na layi biyu na baya sun cika kwanar. Gajere, direban nan da ya auri 'yar ƙanwar kakanka, ya kawo motarsa. Ya ɗebi goma sha huɗu, ya sha kwana, ya sauke su bayan makaranta. Su biyo lungu su shigo gidan Mai Ɗinki ta ƙofar baya, su canza mayafi, su fito ta gaba su sake tsayawa. Kayan mutane da aka kawo mata ɗinki duk sai da suka ga rana. Matar mai gyaran rediyo sau tara aka ƙirga ta ranar Talata, har da rigar mijinta da hularsa a na ƙarshe. Ni kaina sau biyar, sau ɗaya da sanda, sau ɗaya da goyon filo.

Mai tabarau ya dube ni ya ce, "Baba, kamar ɗazu na ga kin hau mota."

Na ce, "Yayata ce, ɗana. Mu bakwai ne, duk kamarmu ɗaya, duk gwiwar dama."

Ya ce, "Allah Ya ba ku lafiya," ya danna ƙas.

Ranar Laraba maza ma suka shigo, da masu zaman banza na bakin shago, da tsofaffin da rabonsu da shiga mota tun suna da haƙori. Matar mai lema ta canza hannu don babban yatsanta ya gaji. Da za su tafi na aika musu ruwan sanyi, na ji tana ce wa abokin aikinta ba ta taɓa ganin kwana irin wannan ba, ta fi babban titi. Na koma ɗaki na yi dariya har sai da ƙirjina ya yi zafi.

Saura naka. Bencin ya zama mai abin jingina, kuma rumfar ta kalli gabas kaɗan don rana ta yamma. Mai Ɗinki ta ce a gaishe ka, ta ce gefen hagu na bencin nata ne.

Kakarka mai wayo.

*

Mai Gidana,

Ina gaisuwa. Wata biyu da mako uku ke nan ban ga rubutunka ba. Ka ce wata biyu. Ko dai takardata ta ɓata maka rai ne? In wasan ne ya yi yawa ka faɗa, ka san bakina ya riga hankalina tsufa. Jiki da sauƙi, barci ne dai ya yi ƙaranci.

Akwai abin da nake so ka warware mini. Makon jiya wasu suka zo da abin awo mai ƙafa uku, suna leƙawa ta ciki, wani yana riƙe da doguwar sanda. Na fita da murna na nuna musu inda nake son bencin. Babbansu ya yi murmushi ya ci gaba da aikinsa. Suka auna ƙofata, suka auna ta Mai Ɗinki, suka zagaya har bayan gida inda kakanka ya haƙa rijiya. Washegari wani ya zo da gwangwanin jan fenti ya yi alama a katangar gida bakwai. Nawa ne na farko. Na tambaye shi, ya ce shi fenti aka ba shi, ba bayani ba.

Ga kuma dillalan filaye sun cika layin kamar ƙuda. Filin ƙwallon da ke bayan makaranta an kewaye shi da kwano cikin kwana biyu. Wani mai ƙaton ciki ya yi mini sallama har tsakar gida, yana kallon rufin ɗakina yana tambaya ko ina da takardun gida. Na ce ina da tsintsiya.

Mai Ɗinki ta shigo jiya ta zauna a bakin gado, ba ta taɓa shayin da na zuba mata ba. Ta ce, "Yaya, rumfar nan wace iri ce da take cin gida bakwai?" Na ce mata ai na zamani ne, awo kawai suke yi. Na faɗa ne ina kallon ƙasa.

Kai ka san aikin. Rumfar bas taku nawa ce? Ka amsa mini da wuri, ko layi biyu ne.

Kakarka.

*

Kaka,

Ina gaishe ki, ina fata jikin da sauƙi. An ƙara mana mako uku a kwas. Jiya na dawo na tarar da takardunki biyu a ƙarƙashin ƙofa, na karanta su a tsaye, ta farko sannan ta biyu. Ban iya cin komai ba tun lokacin.

Ba rumfa ba ce, Kaka. A tsarin farko, babbar tashar da duk bas-bas za su riƙa haɗuwa an sa ta a filin tsohuwar masana'anta, can gefen gada, inda ba gidan kowa. Kwanarku 'yar rumfa aka yi mata tanadi, in ƙidaya ta kai. Da lambobin suka zo, aka ga kwanarku ta ninka ko'ina sau uku. Manya suka ce ba a kai tasha inda ba mutane a bar inda suke. Aka ɗauko babbar tashar aka dawo da ita ƙofarki: wurin juyawar bas, wurin jira, da shaguna. Gida bakwai ɗin nan ne wurin. Da na ce za a fi ba wurin muhimmanci, abin da nake nufi ke nan. Ban yi miki bayani ba don ban taɓa zaton lambar za ta kai haka ba. Laifina ne. Na san da wa nake magana, na kuma faɗi ranar.

Hanya ɗaya ce ta rage. Kwamiti zai zauna ƙarshen wata ya sa hannu na ƙarshe. Zan shiga wurin shugabanmu kafin nan in gaya masa ƙidayar ba ta gaskiya ba ce, kuma ni na fitar da ranar. Takardarki ita ce shaida. Za su kore ni, wataƙila ba wani ofishin gwamnati da zai sake ɗaukata, amma za a soke lambar. A gidan nan aka yanke mini cibiya. Ba zan zauna a kan kujera ina zana yadda za a rushe shi ba.

Kada ki sa hannu a kowace takarda. Kada ki sayar wa mai ƙaton ciki.

Jikanki.

*

Mai Gidana,

Na samu taka. Lafiya muke, iyakar lafiyar da ake yi da jan fenti a katanga. Kafin komai: ban yarda ka shiga wurin shugabanku ba. Uwarka ta rasu ta bar mini kai kana rarrafe. Da injin niƙa na kai ka makaranta har ka zama abin da ka zama. Ba zan ci gidana in haɗa da aikinka ba.

Ni na yi ɓarnar, ni na je gyara. Ranar Alhamis Gajere ya kai ni ofishin ƙaramar hukuma, hawa na biyu, na hau matakala da hannu da ƙafa. Wata mata ce mai kula da tsarin filaye, teburinta cike da taswira, fanka tana ɗaga su ita kuma tana danne su da kofin shayi. Na zayyana mata komai, mayafi da filo da duka. Sunanka bai fito ba. Na ce ni na ga masu na'ura a wata unguwa na gane.

Ta yi dariya har ta cire tabarau. Da ta ga ban yi ba, ta daina. Ta ce, "Mama, kowa da aka shafa wa fenti da labarin da yake kawowa, amma naki ya fi na kowa. Kada ki damu, doka ce a sake ƙidaya kafin a fara aiki. Mako mai zuwa za a yi. In babu mutane, babu tasha."

Na dawo da ƙarfina. Na bi gida gida na ce ranar da aka ga masu na'ura kada ko kaza ta fita ta kwanar nan, kowa ya bi lungu. Suka zo, wasu sababbi. Layinmu ya yi tsit kamar an yi rasuwa. Na zauna bayan labule ina leƙe.

Mai Gidana, kwanar cike take. Ba namu ko ɗaya. Tun da labarin tasha ya fita, dillalai sun sayar da filin ƙwallo da duk wani kango da ke kusa, benaye huɗu ake ginawa a lokaci guda. Leburori da magina a nan suke sauka da safe, a nan suke hawa da yamma. Direbobi da suka ga haka suka fara shigowa da kansu. Masu sayar da abinci suka biyo leburori, masu cajin waya suka biyo masu abinci. Ina zaune a ɗakina ina jin ƙas, ƙas, ƙas, kwana uku. Na koma wurin matar nan. Ta juyo mini da takardar don in gani da idona. Lambar ta fi tamu.

Ka ga ke nan ko ka je ka tona kanka, ba abin da zai canza. Ƙaryar da na yi ta riga ta yi ƙafa tana tafiya da kanta.

Mai Ɗinki ta daina yi mini magana. Ba faɗa, ba zagi. In na yi sallama ta kan katanga sai in ji keken ɗinkinta ya ƙara sauri. Ita ba ta da takardun gida cikakku, mijinta da baki ya saya wurin mai gona, an ce abin da za a ba ta ba zai kai rabin namu ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

Kakarka.

*

Kaka,

Ina gaisuwa. Allah Ya ƙara miki lafiya da haƙuri. Na duba sabuwar ƙidayar a ofis, yadda kika faɗa haka take. Kwamiti ya sa hannu jiya. An ba ni zanen wurin jira. Na ce ba ni da lafiya na fito.

Takardar da na rubuta wa shugabanmu tana aljihuna kwana tara. Na san ba za ta tsayar da katafila ba, amma ina jin kamar in na miƙa ta zan iya haɗa ido da Mai Ɗinki. Ki ce mini wani abu.

Ɗakina ɗaya ne da falo, hawa na uku, amma zan nemi na ƙasa. Ki dawo wurina.

Jikanki.

*

Mai Gidana,

Sallama. Jiki ya yi dama, gwiwa ta saba da haɗa kaya.

Ka yaga takardar nan. Mai Ɗinki ba idonka take bukata ba, ɗaki take bukata. In kana son yi mata wani abu, ai kai ka faɗa mini akwai shaguna a tashar. Ka zauna a kujerarka ka koyi yadda ake rabon su, ka ga ko mai keken ɗinki da aka tasa daga wurin tana da hakki. Wanda aka kora ba ya iya wannan. Jiya ta tafi wurin 'yarta. Na tsaya a ƙofa ana ɗora kekenta a mota. Ta zo wucewa ta tsaya, ta gyara mini mayafi a kafaɗa, ta ce, "Kin sa shi a bai-bai, Yaya." Shi ke nan abin da ta ce.

Wurinka kuwa ba zan zo ba. Miji da mata a ɗaki ɗaya da falo, ina za ka sa amarya in Allah Ya kawo mai tsautsayin? Kawunka ya gyara mini ɗaki a sabon gidansa, can bayan gari inda kwalta ta ƙare. Na tambaye shi ko bas ɗinku zai kai can. Ya ce sai kashi na biyu na aikin, nan da shekara shida in an samu kuɗi. Na ce to, a gaishe da wanda zai gani.

Ka koma ka karɓi zanen wurin jiran. Gara kai da wani. Mutanen da za su zauna a wurin ba su yi mini laifin komai ba, su ma gwiwa gare su.

An ba mu zuwa ranar Litinin ta sama. Na kwashe komai sai ƙofar ɗakina. Kakanka ne ya sassaƙa ta da hannunsa shekarar da muka tare, ƙusoshinta sun yi tsatsa, kawunka ya ce a bar ta, ba za ta shiga ɗakin can ba. Ni kuma ba zan bar wa katafila ita ba, ko jingine ta zan yi a bango. Ka zo ranar Asabar ka cire mini. Ka taho da guduma, tamu na ba Mai Shago.

Ka fito da wuri, hanyar tana cushewa.

Kakarka.